Yadda Ake Zaɓar Bawul da Ɗaura Shi, Daga Bakin Rijiya Zuwa Banɗaki

Wani Alhaji ya taɓa aiko mini da yaronsa tun ban dawo daga masallacin asuba ba, wai in zo maza an sace masa ruwa. Da daddare ya cika tankinsa mai cin lita 2,000 maƙil, da hannunsa ya kashe inji, gari ya waye ko na alwala babu. Na tarar yana ta faɗa, ya ɗora wa maigadi laifi, wai shi ya sayar wa 'yan garuwa cikin dare. Na zaga gidan, ƙasa a bushe ƙamas, babu inda ya jiƙe. Da na hau na buɗe murfin tankin sai na ga inda gizo ke saƙar. Bututun da ke kawo ruwa daga rijiyar burtsatse an zura shi ta sama har ya kusa taɓo gindin tanki, kuma tsakanin rijiya da tanki babu abin da ke hana ruwa komawa. Ana kashe inji ruwan ya juya, bututun ya yi ta zuƙo shi kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, ya mayar da shi inda ya fito.

Na sauko na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon naka yana cikin rijiya."

Ya ce, "To Malam, sai ka shiga ka kamo shi."

Ɗan bawul guda, wanda bai cika tafin hannu ba, shi ya wanke maigadi.

A shago duk sunansu bawul, amma kowanne da aikin da aka ƙera shi dominsa. Akwai na buɗewa da rufewa kawai, akwai na rage gudun ruwa, akwai mai hana ruwa komawa baya, akwai mai tsayar da ruwa in tanki ya cika, akwai kuma na tsaro, wanda shi ba ya jiran umarnin kowa. Yawancin ɓarnar da ake kirana in gyara ba daga lalataccen kaya take ba, daga bawul mai kyau ne da aka ba shi aikin ɗan'uwansa. Don haka za mu bi ruwan ne daga inda ya fito har inda zai zuba, duk inda ya kamata a tare shi mu tsaya.

Mataki na farko: zana hanyar ruwan, ka san ƙarfinsa

Kafin ka taka kasuwa, samu takarda ka zana gidan ko da zanen 'yan firamare ne. Ina ruwa yake shigowa? Rijiyar burtsatse ce mai sumo, wato injin da ke nutse a cikin ruwa, ko rijiyar gargajiya mai inji a baki, ko ruwan gwamnati, ko an haɗa biyu? Daga nan ina tanki, ina layin kicin, ina na kowane banɗaki, ina famfon tsakar gida? Duk inda layi ya rabu gida biyu, sa alama. Nan ne bawul zai zauna.

Sai ƙarfin ruwa, wanda masu aiki ke ce wa furesha. Lissafin mai sauƙi ne: duk tsayin mita 10 yana ba da kusan bar 1, bar kuwa shi ne ma'aunin furesha. Ke nan tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 6 bar 0.6 kacal zai ba famfon ƙasa, shawa kuwa da take sama da kai ba za ta samu ko hakan ba. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi, tsayi ne ke ƙarawa. Riƙe wannan da kyau, domin a gidan da ruwansa ke saukowa daga tanki da nauyin kansa, duk bawul ɗin da ke matse hanya zai rage maka abin da dama bai da yawa.

Sannan auna bututan. A kasuwa da inci ake magana: rabin inci, uku-bisa-huɗu, inci ɗaya. A jikin bawul za ka ga an rubuta DN15, DN20 ko DN25, su ne waɗannan ukun bi da bi. In koren bututun nan ne na PPR da ake haɗawa da wuta, da milimita ake kiransa, kuma 20 ne ke tafiya da rabin inci, 25 da uku-bisa-huɗu, 32 da inci ɗaya. Wannan bambancin ya sa mutane da yawa sun yi sawu biyu zuwa kasuwa. In kana shakka, yanki guntun bututun ka sa a aljihu.

Mataki na biyu: a bakin rijiya, hana ruwa komawa

Wannan shi ne bawul ɗin Alhaji. A shago ka ce a ba ka non-ritan, wasu na cewa cek-bawul. Ba shi da mariƙi, babu abin murɗawa a jikinsa. Ruwa ne ke buɗe shi in ya taho daga gaba, ruwa ne kuma ke rufe shi in ya yi yunƙurin juyawa.

Iri biyu za ka fi gani. Na farko yana da ɗan marfi a ciki mai lilo kamar ƙyauren ɗaki, ruwa ya tura shi ya buɗe, ya saki ya faɗo ya rufe. Shi wannan a kwance ake ɗaura shi, murfinsa na kallon sama, ko kuma a tsaye in ruwan hawa yake yi. Ka sa shi a inda ruwa ke gangarowa ƙasa, marfin zai yi ta reto a buɗe, ka yi aikin banza. Na biyu yana da sifirin da ke danne marfin, don haka ko ta yaya ka ɗaura shi zai yi aiki, kuma yana rufewa da wuri kafin ruwa ya dawo ya doke shi. A gaban inji, inda ruwa ke fita, shi na fi so. Amma a layin da ke saukowa daga gajeren tanki ba na sa shi, saboda sai ruwa ya yi kokawa da sifirin kafin ya wuce, ka ga shawa tana zubo da ruwa kamar hawaye.

A jikin kowane non-ritan akwai kibiya. Kibiyar ta kalli inda ruwa zai je. Na sha zuwa gidan da aka ce sabon inji ya mutu, ashe yaron aiki ne ya juya kibiya tana kallon rijiya. In kibiyar ta goge, hura iska da baki ta kowane ɓangare: inda iska ta wuce, nan ce hanyar ruwa.

Yawancin sumo suna zuwa da nasu non-ritan a ka, to amma yashi yana cinye shi, kuma gyaransa sai an zaro bututai gaba ɗaya daga rami. Saboda haka ƙara wani a sama, nan da bututu ya fito daga rijiya, inda hannunka zai kai.

In kuwa inji ne na waje mai zuƙo ruwa daga rijiya ko tankin ƙasa, abin da kake buƙata fut-bawul ne. Shi ma non-ritan ne, sai dai an yi masa raga mai tace datti, kuma a can ƙarshen bututun zuƙa yake zama, cikin ruwa. Aikinsa ya riƙe ruwa a cikin bututu bayan an kashe inji. Duk injin da kullum sai an yi masa ɗure da buta kafin ya ja, kar ka zargi injin tukuna, ciro fut-bawul ka duba. Ɗan tsakuwa guda ya isa ya hana shi rufewa. Ka ɗaga shi kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasan rijiya don kar ya sha laka. Kuma ka sani irin wannan inji ba ya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8, komai kyawun bawul. In rani ya ja ruwa ya yi ƙasa da haka, ba laifin kowa ba ne.

Gidan da ya haɗa ruwan gwamnati da na tanki a layi ɗaya yana buƙatar non-ritan a bakin shigowar na gwamnati. In babu, ranar da aka ɗauke ruwa tankinka zai gangara cikin babban bututun titi, ka shayar da unguwa ba da niyyar sadaka ba.

Mataki na uku: a kan tanki

Tanki yana da baki huɗu, kowanne da hukuncinsa.

Bakin shiga. Nan ne wurin fulot, wato bawul mai ƙwallon roba a ƙarshen sanda. Ruwa na hawa ƙwallo na hawa, sandar na danna marfi har ya toshe hanya. Irinsa ne ƙarami a cikin tankin masai. Yana da kyau ƙwarai ga ruwan gwamnati, wanda kan zo tsakar dare kowa na barci, da kuma tankin da ke karɓa daga wani tankin na sama da shi.

Amma a nan akwai kuskuren da ke cin injin mutane. In inji ne ke tura ruwa kai tsaye, kuma babu na'urar da ke kashe shi in matsi ya hau, kar ka sa fulot. Tanki zai cika, fulot ya rufe, inji kuwa bai san an rufe ba, zai ci gaba da turawa. Ko dai wani haɗi ya ɓalle, ko injin ya yi zafi ya ƙone. Abin da ya dace da inji shi ne fulot na lantarki, wanda ke yawo a cikin ruwa da waya a jikinsa, ya yanke wuta in tanki ya cika, ya mayar in ruwa ya yi ƙasa. Wannan aikin ka haɗa da mai gyaran wuta. Haka nan kar ka taɓa rufe bawul ɗin da ke gaban inji alhali yana aiki.

Bututun shiga kuma ya tsaya a sama, bakinsa bai nutse a ruwa ba. Da haka aka yi a gidan Alhaji, da ko non-ritan ya lalace abin da ke cikin bututu kaɗai zai koma.

Bakin fita. Nan sa bol-bawul, na buɗewa da rufewa wanda bayaninsa ke tafe a mataki na huɗu, dab da tanki, girmansa daidai da bututun, kar a rage. Gaba da shi sa yuniyon, wato mahaɗin nan mai noti da ake kwancewa ba sai an yanka bututu ba. Bayan yuniyon sa ti, wato mahaɗi mai baki uku, ka ɗaga siririn bututu daga nan ya miƙe sama har ya wuce kan tankin, bakinsa a buɗe. Shi ne numfashin layin. In tanki ya ƙare aka sake cikawa, iskar da ta shiga ta nan za ta fita, maimakon ta tsaya a hanya famfo ya yi ta tari babu ruwa.

Bakin ambaliya, wanda ke zubar da ruwa in ya wuce ƙa'ida. Wannan ba a sa masa bawul ko kaɗan. Ya kai girman bututun shiga ko ya fi shi, a ɗaura masa 'yar raga saboda sauro da ƙadangaru, a kuma karkata shi inda za a gani in yana zuba.

Bakin wanki, can ƙasa. Bol-bawul guda, don ranar wanke tanki a buɗe laka ta fita.

Mataki na huɗu: bol, ko get, ko sitokok?

Nan ne gardamar take, kuma nan zan ɗan daɗe.

Bol-bawul yana da ƙwallo a ciki da aka huda ta tsakiya. In hudar ta daidaita da bututu ruwa ya wuce, in aka juya ƙwallon ya gindaya ruwa ya tsaya. Kwata ɗin zagaye kawai ake juya mariƙinsa. Daga nesa ma za ka san halin da yake ciki: mariƙi ya bi tsawon bututu, a buɗe yake, ya gicciye, a rufe yake. Ko yaro aka aika zai iya. Yana rufewa ruf, kuma yana iya shekara ba a taɓa shi ba ya amsa ranar da aka neme shi. Amma yana da sharaɗi biyu. Kar a bar shi rabi-da-rabi don rage gudun ruwa, domin ruwan da ke kutsawa ta gefen ƙwallo, musamman mai yashi, yana cinye farar robar da ƙwallon ke zaune a kai, daga nan ba zai ƙara rufewa sosai ba. Sannan a layin inji kar a fizge shi lokaci guda. Ruwan da ke gudu in aka tare shi farat ɗaya yakan doki bututu, ka ji "gau" a bango kamar an buga guduma. Wannan dukan shi ke sassauta haɗi a hankali. Rufe shi sannu, kamar kana ƙirga ɗaya zuwa biyar.

Leƙa cikinsa kafin ka biya. Wani hudar ƙwallonsa ta kai faɗin bututu, wani kuma an matse ta don a rage tagulla. Ga layin tanki, mai cikakkiyar huda za ka ɗauka ko da ya fi tsada.

Get-bawul shi ne mai sitiyari, yawanci ja. A cikinsa akwai faifan tagulla da ke sauka ya datse hanya kamar ƙofar shago ta ƙarfe. Murɗawa dama rufewa, hagu buɗewa, kuma sai an yi zagaye da yawa. In ya buɗe gaba ɗaya ba ya tare ruwa ko kaɗan, kuma da yake a hankali yake rufewa ba ya jawo dukan nan na guduma. Shi ma ba na rage gudu ba ne: ka bar faifan a tsakiya, ruwa zai yi ta kaɗa shi har ya cinye. Iyayen gidanmu a sana'a shi suka sani, shi ya sa har yau wasu duk bawul ɗin da suka gani sai su ce "get". Ni dai a gidan da ke shan ruwan burtsatse na daina sa shi. Yashi yana taruwa a ramin da faifan ke sauka, ka murɗa har hannu ya yi ciwo ruwa na ci gaba da tsiyaya. Wani lokaci kuma sandar ta rabu da faifan, sitiyari ya yi ta juyawa a banza, faifai ya maƙale a rufe, gida ya kwana babu ruwa. In ka gaji irinsa a gidanka, duk sanda ka buɗe shi har ƙarshe ka ɗan mayar da shi baya kamar rabin zagaye, don kar ya cije.

Sitokok, wanda manyansa ake kira gulob-bawul, a waje yana kama da get, sai dai cikinsa ya fi kumbura. Aikinsa irin na kan famfo ne na da: sanda ce ke danna washa a kan rami. Shi ne aka yi domin rage gudu, ka buɗe kaɗan ka samu kaɗan. Washarsa in ta cinye ana canzawa da kuɗi ƙalilan. Aibinsa shi ne ruwa sai ya karya kwana sau biyu a cikinsa kafin ya fita, don haka yana cin ƙarfin ruwa ko a buɗe yake. Yana da kibiya shi ma, a kiyaye. Wurinsa layin da ke da ƙarfi, kamar shigowar ruwan gwamnati, ko inda banɗakin ƙasa ke shanye ruwa na bene bai samu ba, sai a ɗan matse na ƙasan.

To ga yadda nake rabawa a gida: babban bol-bawul ɗaya a gindin tanki, ɗaya a inda layi ya shiga gida daidai tsayin da uwargida za ta kai ba sai an nemo tsani ba, sannan kowane banɗaki da kicin da nasa. Ranar da bututun banɗaki ɗaya ya fashe, shi kaɗai za a rufe, girki ba zai tsaya ba.

Mataki na biyar: cikin banɗaki da kicin

Ƙarƙashin kowane abin wanke hannu, da gefen kowane tankin masai, sa angil-bawul. Ɗan ƙarami ne mai sheƙi, ruwa ya shigo daga bango ya karya kwana ya bi tiyon nan mai saƙar ƙarfe zuwa famfo. Masu gini kan tsallake shi don rage kuɗi, sai ranar da tiyon ya fashe ƙarfe biyun dare a gane amfaninsa.

Hita kuwa tana zuwa da nata bawul a cikin kwali, ɗan ƙarami mai guntun baki a gefe, wani da ɗan mariƙi. Bawul ɗin tsaro ke nan, kuma a bakin shigar ruwan sanyi ake ɗaura shi, inda aka yi alama da shuɗi. Aiki biyu yake yi: yana hana ruwan zafi komawa layin sanyi, yana kuma fitar da ruwa in matsi ya yi yawa. Ruwa in ya yi zafi yana kumbura, daga sanyi zuwa zafin wanka mai tsanani yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, kuma tukunyar hita a rufe take. Saboda haka ɗigon da kake gani daga guntun bakin nan lokacin da hita ke aiki ba lalacewa ba ce. Na ga inda aka toshe shi da ƙusa da gam wai yana ɓata tayil. Wallahi wannan wasa da rai ne. Sa masa siririn tiyo ya gangara magudana. Kar a sa wani bawul na rufewa tsakaninsa da hitar, na rufewa a bayansa yake zama. In mai mariƙi ne, ɗaga shi sau ɗaya a wata ka ga ruwa ya fito, ka saki.

Akwai wasu biyu da ba kowane gida ke buƙata ba. Mai rage matsi, wanda galibi ke zuwa an saita shi a bar 3, na dogayen benaye ne da gidajen da aka sa wa injin ƙara ƙarfi, inda famfunan ƙasa ke yawan fashewa. Batafulai kuwa, mai faifan da ke juyawa a tsakiyar bututu, na manyan layuka ne irin na matatar ruwa da gonakin rani.

Mataki na shida: a kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa kake a Kano ko a wani ɗan shago a bakin titi, abu ɗaya za a nuna maka kala uku, farashi uku. Ɗauki biyu masu girma ɗaya ka auna a hannu. Tagullar gaske tana da nauyi. Mai sauƙin nan kamar gwangwani wani ƙarfe ne mai gautsi aka yi wa ruwan tagulla, sifana na matsa shi zai tsage, in bai tsage yau ba zai tsage a cikin bango. Ɗan kankare cikin bakinsa da makulli: in rawaya ce har ciki, to, in fari ko toka-toka ya bayyana, ajiye. Nemi rubutun PN a jiki, PN16 na nufin zai ɗauki bar 16, wanda ya wuce buƙatar gida nesa ba kusa ba. Juya mariƙin ka ji: ya tafi sumul da ɗan tauri, ba sako-sako ba.

Bol-bawul na roba, mai jan mariƙi, ba laifi a inuwa da ruwan sanyi. Amma a kan tanki, cikin ranar Maris da Afrilu, robar takan ƙone ta yi gautsi, wata rana mariƙin ya zo maka a hannu. In dole shi za ka sa, yi masa rumfa ko fenti.

Mataki na bakwai: ɗaurawa

Tanadi sifana biyu, zarto ko almakashin bututu, farin tef, gam in PVC ne, tsumma da bokiti.

Rufe ruwa daga sama, kashe inji, in akwai hita kashe wutarta. Buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan, layi ya tsiyaye.

Gwada komai a bushe tukuna. Jera bawul da adafta da yuniyon a kan bututun, ka yi alama. A nan ne za ka juya mariƙin ka ga ko zai buɗe ya rufe bai doki bango ba. Na taɓa ganin bawul da aka binne rabinsa da siminti, yana buɗe har abada.

Yanka a miƙe, ka kankare ɓurɓushin bakin. Ɓurɓushin nan shi ke zuwa ya maƙale a non-ritan da fulot.

In mai zare ne, riƙe namijin bakin, wato mai zare a waje, yana kallonka, ka naɗa tef ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kana ɗan ja har zaren ya fito ta cikinsa. In ka naɗa ta hagu, kana ɗaurawa yana warwarewa. Bar zaren farko a buɗe don kar guntun tef ya shiga ciki. Tef mai kauri zagaye biyar ko shida ya isa, siririn nan na kasuwa kuwa sai goma ko fiye. Fara ɗaurawa da hannu. In ya cije tun zagayen farko, ya hau karkace, kwance ka sake. Sai ka kama da sifana biyu, kuma wadda ke riƙe bawul ta kama ɓangaren da bututun ke shiga, ba ɗaya ƙarshen ba. Jikin bol-bawul gida biyu ne aka haɗa, in ka murɗa daga nesa za ka kwance haɗin ko ka murɗe shi. Zagaye ɗaya zuwa biyu bayan ƙarfin hannu ya wadatar. In ana haɗa roba da ƙarfe, namijin ya zama roba, macen ta zama ƙarfe, domin namijin ƙarfe yana tsaga macen roba kamar yadda gatari ke tsaga ice.

Duk haɗin da ke da washar roba, kamar yuniyon da tiyon angil-bawul, ba ya son tef. Washar ce ke riƙe ruwa. Ɗaura da hannu, ka ƙara ɗan kaɗan da sifana.

In na gam ne, bar bawul ɗin a buɗe, shafa gam a bututu sosai, a cikin bawul kuma kaɗan, ka tura ka ɗan murɗa, ka riƙe kamar rabin minti. Gam in ya kwarara ya taɓa ƙwallon, ya liƙe ke nan. Jira lokacin da aka rubuta a gwangwani kafin ka saki ruwa, in da hali ya kwana.

In PPR ne, ƙarfen haɗi ya kai digiri 260. Bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 yake so a wuta, mai 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8. Ka wuce haka, robar za ta narke ta toshe hanya daga ciki, a waje kuwa aiki ya yi kyau. Tura a miƙe, kar ka murɗa.

Daga ƙarshe kafa kilif a bango hagu da dama da bawul ɗin, don in ana juya mariƙi ba bututu ne ke ɗaukar wahalar ba.

Mataki na takwas: gwaji

Cire kan shawa da 'yar ragar bakin famfo, ka saki ruwa a hankali, famfo ɗaya a buɗe don iska da datti su fita. In ruwa ya daidaita, rufe famfon, goge kowane haɗi ya bushe, ka naɗa masa guntun takarda. Dawo bayan rabin awa. Takarda ba ta ɓoye ko ɗigo ɗaya. Kar ka raina ɗigo: hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato ya haura jarka guda mai lita 25 kowace rana.

Gwada kowane bawul shi kaɗai: rufe shi, buɗe famfon da ke gabansa, ruwa ya tsaya cak. Non-ritan kuwa, kashe inji ka kara kunne a bututu. In kana jin "shuu" bayan minti ɗaya, ruwa na komawa.

In get ko sitokok yana tsatsafo da ruwa ta gindin sandarsa, ba sai an canza shi ba. Akwai ɗan noti a ƙarƙashin sitiyarin, matsa shi kwata ɗin zagaye. In tankin masai ba ya daina tsiyaya, ɗaga ƙwallon da hannu: ruwa ya tsaya, saiti ne, sauke ƙwallon ƙasa kaɗan, bai tsaya ba, rufe angil-bawul, kwance kan fulot ɗin, za ka tarar da yashi ko washar da ta cinye. Bol-bawul da ya cije kuma kar ka zura masa bututu a mariƙi don ƙarin ƙarfi, sandar za ta karye. Rufe ruwa daga sama, ka riƙa motsa shi gaba da baya kaɗan-kaɗan har ya saki. Maganin cijewa shi ne duk wata uku a zaga gida a rufe kowanne a buɗe sau biyu. Ranar zagayen farko ka kira uwargida da babban yaro su biyo ka, kowa ya kama babban bawul ɗin shiga gida da hannunsa ya rufe ya buɗe, sannan ka shafa wa mariƙinsa jan fenti.